Studiyon ɗaliban nan na bakin tasha, da ɗan fim ɗinsu na minti huɗu

Yaran nan uku da suka buɗe ɗan studiyo a bakin tashar garinmu, nan tsakanin Ringim da Taura, sun iya ɗaukar hoto kuma sun iya yanka shi su haɗa, wato editin, sauti ne dai har yanzu yake ba su kashi, sannan in ka kai musu aiki lokacin jarabawa to ka tanadi haƙuri mai yawa. Tunda mutane suna ta tambaya ko za a iya ba su biki ko sauka ko tallar shago, bari in faɗi abin da na gani, kuma yawancin maganar za ta tafi ne kan wani ɗan fim da suke kunna wa duk wanda ya shigo shagon, don shi ne samfur ɗinsu, a cikinsa za ka gane abin da hannunsu ya faɗa da wanda bai faɗa ba tukuna.

Shagon ɗaki ɗaya ne, benci da tebur da farin labule na ɗaukar fasfo, sola ɗaya a saman kwano da batir, laftop HP wadda fankarta take kuka tun daga ƙofa, kyamara Canon 600D ta hannu, sandar kyamara mai ƙafa uku da aka ɗaure ƙafa ɗaya da robar tayar keke, sai ɗan maik ɗin maƙalawa a riga na Boya guda ɗaya tal. Biyu maza ɗaya mace, duk suna karatun aikin jarida a wata makarantar gaba da sakandare, don haka ba ka samunsu sai Juma'a da yamma zuwa Lahadi ko lokacin hutu. Ɗaya yana riƙe kyamara, ɗaya yana editin da manhajojin Premiere da CapCut, ita kuma yarinyar ita take rubuta labari kuma ita ce ke faɗa a ji, ko da yake su mazan ba za su yarda da hakan a gabanka ba.

Fim ɗin aikin makaranta ne, malaminsu ya ce kowane rukuni ya yi buɗewar fim ɗin fargaba kawai, kada ya wuce minti huɗu, ba a so a ƙarasa labarin. Irin fim ɗin nan ba na aljanu ba ne kuma ba na doke doke ba ne, wanda ake riƙe ka da zullumi ne, kana zaune cikinka yana ɗurar ruwa kana jiran abin da zai faru da wani. Buɗewarsa tana da aiki uku da na sani, ta ba ka mutumin da za ka ji wa tsoro, ta sa wurin da ka saba da shi ya zama abin zargi, ta bar ka da tambayar da ba za ka iya tashi ka bari ba. Mu kuma a finafinanmu na Hausa mun fi sabawa da a fara da falo da sallama da gaisuwa mai tsawo sai wani ya zauna ya ba ka labarin duk abin da ya faru da baki, shi ya sa nake son ganin yadda yaran ƙauye za su yi da wannan.

Da baƙin allo suka fara, babu komai sai ƙarar injin niƙa daga nesa, tak tak tak tak, irin na dizal ɗin nan da kowa ya sani, sai ya yi tari ya mutu, sai shiru, sai kukan gyare. Wani da muke kallo tare har ya ce a ƙara haske wai laftop ɗin ce ta ɗauke. Wallahi wannan ɗan abin ya burge ni, domin duk ɗan ƙauye ya san in injin niƙa ya yi shiru to an yi isha'i gari ya fara watsewa, ba sai an rubuta maka ƙarfe nawa a ƙasan allo ba, kuma mu mutane ne da rediyo ya rena, kunnenmu ya saba gina hoto da kansa. Kafin ka ga komai an riga an faɗa maka dare ne kuma mutane sun shige gida.

Hoton farko hannu ne yana ƙirga kuɗi, 'yan dubu dubu da ɗari biyar biyar da suka sha jiki, yana lasar ɗan yatsa yana ja, hasken kuma daga tocilar ƙaramar waya ce da ya ciza a baki. A gefe na'urar POS da ɗan littafin bashi. Sai ya naɗe kuɗin a baƙar leda ya cusa a jakar rataye, ya ja marfin kes ɗin ya danna kwaɗo, duk a kusa kusa, ba ka ga fuskarsa ba sai da aka kusa cinye minti ɗaya. A finafinan waje yawanci mace ce take tafiya ita kaɗai da dare a wannan gurbin, su kuwa sun san a garinmu ba wanda zai yarda budurwa tana yawo a bayan gari bayan isha'i, sai suka ɗauko ɗan POS, kuma zaɓin ya yi daidai, tun ƙarancin takardun kuɗin farkon 2023 lokacin canjin naira kowa ya san a hannun wa tsabar kuɗi take a ƙauye, babu buƙatar ko kalma ɗaya ta bayani, kana ganin ledar nan ka san yaron nan nama ne.

Daga nan kyamara ta koma bayan wani darnin kara, kana leƙen yaron ta tsakanin karare, hoton yana ɗan rawa, kana jin numfashin wani. Wato an ba ka idon mai laɓe. Wannan shi ne ƙashin bayan irin fim ɗin gaba ɗaya, kai mai kallo ka san akwai wani, shi yaron bai sani ba. Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya rasu a 1980 wanda ake ɗauka uban wannan fanni, yana da misalin da yake bayarwa na bam a ƙarƙashin tebur, cewa in mutane suna hira bam ya tashi ba zato to ka razana masu kallo na 'yan daƙiƙu ne kawai, amma in ka nuna musu bam ɗin tun farko da lokacin da zai tashi to duk hirar banzan da ake yi a teburin za ta zama azaba a gare su. Yaran sun gane wannan sosai. Bayan leƙen nan duk abin da ɗan POS ɗin ya yi, gyara silifa, tsayawa amsa gaisuwa, sai ka ji kamar ka daka masa tsawa ya yi sauri.

Kafin ya bar shagon sai ya kira gida. Aka yanka zuwa wata ƙaramar waya a kan tabarma kusa da fitila, an ɗaure bayanta da kyauro, tana ƙara irin ƙarar ƙananan wayoyin nan, hannun tsohuwa mai lalle ya ɗauka. Ya ce Inna ga ni nan rufewa nake, ta ce to ka yi sauri tuwo ya huce, Allah ya tsare. Shi ke nan maganar, kuma a lokacin za ka ɗauka an sa ta ne don ka ji tausayinsa, yana da uwa tana jiransa, wanda hakan ma gaskiya ne, amma akwai wani aikin da take yi wanda sai a ƙarshe za ka gane.

Akwai wani ɗan guntu a wurin mai shayi da ya ba ni dariya da na ji yadda aka yi shi. Yaron ya wuce ta gaban teburin, aka nuna jakar a kusa, aka yanka zuwa fuskar mai shayi yana kallo ba ya ko ƙiftawa, nan take kowa a shagon ya ce wannan ne, wannan ne ɓarawon. Ashe bawan Allahn nan an ɗauke shi ne wata rana daban yana jiran ruwa ya tafasa, bai ma san a ina za a sa hoton ba. Mai editin ya ce min sun karanta abin a aji, wani ɗan Rasha Lev Kuleshov ne ya gwada tun zamanin finafinan da ba su da magana, fuska ɗaya ce amma abin da ka jera kusa da ita shi yake sa mai kallo ya ga yunwa ko baƙin ciki a kanta. Yanzu dai samari sun sa wa mai shayin ido suna tsokanarsa, shi kuma ya ce sai an biya shi kuɗin fitowa a fim.

Wurin da suka zaɓa shi ne rabin nasarar. Yaron ya tsallaka layin dogon nan na Kano zuwa Nguru da ya ratsa ta Ringim, wanda Turawa suka kammala a 1930, ya shiga 'yar siririyar hanya tsakanin gonakin dawa, kuma sun ɗauka ne a watan Oktoba dawa ta yi kai ta fi tsayin mutum, hagu bango dama bango, in iska ta kaɗa ganyen yana wannan ƙarar shuu ɗin da ba ka iya bambance ta da tafiyar mutum. Ba su da fitilun fim, fitilar caji ɗaya ce suka rufa mata farin mayafi wani ya riƙe ta daga gefe, sai rabin fuskar yaron ya fito rabi ya ɓace a duhu, sauran hasken kuma ɗan da'irar tocila ce a ƙasa tana gaba tana rawa. Masu irin fim ɗin suna kashe kuɗi su sami wannan duhun mai rabin fuska, su kuwa rashin wutar garinmu ne ya ba su kyauta, abin yabon shi ne sun san kada su cika wurin da haske don tsoron a ce hoto bai fito ba, wanda shi ne kuskuren yawancin masu ɗaukar biki in suka gwada fim. Hoton ya yi ɗan tsaki tsaki a wuraren da duhu ya yi yawa, tsohuwar kyamara ce ba ta jure dare, amma a waya ba ka lura sosai.

Sai ƙarar babur a baya, ba fitila, yana tahowa a hankali, yaron ya rungume jaka ya ƙara sauri, babur ya ƙara, aka dinga yankawa da sauri da sauri, ƙafa, taya, ido, jaka, har ya zo daidai shi, sai ka ji murya, a'a kai ne, wallahi ƙwan fitilar ne ya ƙone tun a Gujungu, a gaida Inna, ya wuce. Duk shagon aka saki numfashi ana dariya. Wannan ma doka ce ta irin fim ɗin, a ba ka tsoron ƙarya ka saki jiki kafin a kawo na gaske, kuma sun yi shi da abin da yake faruwa kullum ranar Lahadi in ana dawowa daga kasuwar Gujungu. Sai dai a nan mai kyamara ya yi tuntuɓe, ya koma ɗaya gefen yaron da kyamara, abin da ƙa'idar ɗaukar fim ta hana, a wani hoton yaron yana tafiya daga hagu zuwa dama a na gaba kuma daga dama zuwa hagu, sai ya zama kamar shi da babur ɗin karo za su yi alhali bin sa ake, jakar ma ta sauya kafaɗa a tsakani. Wanda bai san ƙa'idar ba zai ji dai wani abu ya rikice masa ko da bai san mene ne ba.

Ƙarshen shi ne abin da ya sa nake wannan dogon rubutu. Babur ya tafi, shiru ya dawo, yaron ya ji taku a bayansa, ya tsaya, takun ya tsaya. Bai gudu ba bai yi ihu ba, sai ya yi abin da ni da kai za mu yi, ya zaro waya ya kira gida don ya ji muryar wani. Ka ji tana shiga. Sai wannan ƙarar ƙaramar wayar ta ɗazu ta tashi daga cikin dawa, taku kaɗan daga damansa, har kana hango ɗan haskenta ta tsakanin karare. Baƙin allo. Ba jini, ba wuƙa, ba wanda ya taɓa kowa, amma tsigar jikina ta tashi. Nan take gardama ta kaure a benci, ina Inna, wa ya ɗauko wayar, ai ke nan su biyu ne tunda ɗaya yana laɓe a shago lokacin da take hannunta, ai wanda ya san gidan ne, wani ya ce ƙaninsa ne wani ya ce mai babur ɗin ne ya yar da ita. Buɗewar da ta sa mutane musu a kan fim ɗin da babu shi ta gama aikinta.

To yanzu inda suka ɓata rawarsu da tsalle. A tsakiyar leƙen nan na bayan darni sai suka juya kyamara suka nuna mana mai laɓen, sanye da baƙar rigar sanyi mai hula da farin abin rufe fuska irin na finafinan Amurka, a watan Oktoba, a Jigawa, lokacin da zufa take bin mutum har cikin dare. Yaran da suke leƙe ta taga suka fashe da dariya, ɗaya ya ma faɗi sunan wanda ya sa kayan don ya gane takalminsa. Na ce wa yarinyar me ya kai ku, ta ce Malam ai maki muke nema, a takardar aikin an ce dole a nuna alamomin irin fim ɗin a fili, in ba mu sa ba za a ce ba mu yi bincike ba. Ban ce ba ta da hujja ba, ɗalibi yana yi wa mai ba da maki aiki ne, amma ni a ganina ƙa'idar ita ce a ɓoye fuskar mugu, rigar ba ta cikin ƙa'ida, kayan sanyin ƙasar Turawa ne kawai. Da ƙafarsa kawai suka nuna cikin takalmin roba irin na kowa, ko hannu yana jan carbi a bayan darni, da abin ya fi ban tsoro nesa ba kusa ba, don tsoron ƙauye shi ne mai cutar ka yana cikin waɗanda kuka yi sallar isha'i tare, kuma ƙarshen fim ɗin nasu ma abin da yake faɗa ke nan, rigar ce take ƙaryata shi. Kamar Dodo ne a tatsuniya, kaka ba ta taɓa tsayawa ta siffanta maka shi tun daga kai har ƙafa, muryarsa kawai za ta yi kai ka ƙarasa sauran a ranka.

Kiɗan ma haka. Sun sauko da wani kiɗan ban tsoro daga intanet suka dinga buga shi duum a kusan kowace yanka, har a kan fuskar mai shayi, har a kan kwaɗo, ya zo ya danne kukan gyare da ƙarar ganyen dawa waɗanda su ne suke aikin tun farko. Na roƙi mai editin ya kashe layin kiɗan mu sake kallo, wallahi fim ɗin ya ninka kyau, shi kansa ya yi shiru yana sosa ƙeya. Ban da haka in suka ɗora shi a YouTube da kiɗan wani, na'urar YouTube tana gane shi, ko a toshe ko kuɗin talla ya tafi wurin mai kiɗan. Sunan fim ɗin kuma da Turanci suka rubuta da jan rubutu mai ɗigar jini alhali ba a zubar da ko ɗigo a ciki ba, sannan jerin godiya ga malamai da iyaye da mai unguwa da wanda ya ba da aron babur ya kusa kai tsawon rabin fim ɗin, wannan kam a kai shi ƙarshe in an gama fim.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ne za su shafi aikinka in ka ba su. Wurin mai shayi hoton yana ɓari, layi layi yana hawa, saboda ƙwan janareta ne kuma sun ɗauka a kan firem 30, wato hoto 30 a daƙiƙa, wutarmu a Nijeriya 50 take bugawa a daƙiƙa don haka 25 ya kamata su saita, abu ne na danna maɓalli ɗaya. Akwai hoto ɗaya na layin dogo da suka ɗauka da rana suka rina shi shuɗi wai dare ne, inuwar yaron tana nan ɓaro ɓaro a ƙarƙashinsa ta tona musu asiri. Iska tana bugun maik a cikin gona, maganar mai babur kuma daga baya aka ɗora ta a ɗaki, kana jin amsa kuwwar bango a tsakiyar fili, baki ma bai hau daidai ba, duhu ne ya rufa musu asiri.

Ganin wannan samfur ɗin ne ya sa kwamitin Islamiyyarmu ya ba su ɗaukar saukar Alƙur'ani da aka yi bayan girbi, kuma abin da na gani a fim shi na gani a aikin, mai kyau da mara kyau. Masu ɗaukar da muka saba da su sukan kafa kyamara a nesa su ɗauki rumfa da manyan baƙi awa uku, waɗannan kuwa suka shiga kusa, hannun yaro yana rawa a kan allon zayyana, leɓen yarinya tana bitar ayarta a ɓoye kafin a kira ta, wani uba yana share ido da bakin babbar riga yana waige kada a gan shi, har sun riƙe hoton yaron da ya kakare a tsakiyar karatu na 'yan daƙiƙu kafin ya tuna, kana kallo kana riƙe numfashi tare da shi, dabarar fim ɗin nan ce dai suka kawo. Babbar riba kuma ita ce yarinyar, ta shiga ɓangaren mata da waya ta ɗauko abin da namiji ba zai taɓa samu ba, kuma tana tambaya kafin ta ɗauki kowa, wadda ta ce a'a ta wuce ta. Ga masu biki wannan kaɗai ya isa dalili.

Sauti kuwa ya ba mu kunya. Sun ajiye maik ɗin a gaban lasifika, duk inda mai gabatarwa ya ɗaga murya sai ta fashe, karatun wasu yaran ma janareta ya cinye shi, kuma a sauka karatun ne abin da iyaye suke son ajiyewa. Da sun jona waya a jikin amfilifaya sun naɗi sautin daban da an huta, na faɗa musu sun ce za su sayi wayar haɗin, ka tambaye su ka gani da idonka kafin ka biya. Alƙawarin mako ɗaya kuma ya tashi daga nan ya kusa wata, jarabawa ta shigo, kana kira ba a ɗauka sai dare, mai editin yana ta Malam a yi haƙuri wallahi gobe, iyaye kuma ni suke tarewa a masallaci. Da aikin ya fito sun ba mu babba a filashi da ƙarami da suka matse don WhatsApp, duk wanda ya je da waya suna tura masa ta Xender ba su karɓi ko sisi ba, wannan sun kyauta.

Kuɗinsu da sauƙi in ka gwada da ɗauko mai kyamara daga Kano ko Dutse wanda sai ka biya masa mota da abinci, mu naira dubu 25 muka ba su na yini ɗaya har da editin, rabi kafin aiki rabi bayan an karɓa, kuma kada ka yarda ka biya duka tun farko, wannan rabin da ya rage shi ne yake sa a ɗauki wayarka. Tallar shago ta minti ɗaya a lokacin sun ce daga dubu 8 ne, ita kam ina ganin za su yi ta da kyau tunda gajeren abu ne kuma hoto ne ya fi yawa a ciki. Dogon wa'azi ko taron siyasa da magana ce jarinsa, a yanzu dai ban ba ka shawara ba. Suna maganar wai za su ƙarasa fim ɗin su mai da shi mai dogon zango tunda shi ake yayi a YouTube da Arewa24, na ce musu su fara cire rigar nan da kiɗan, kuma su san in suna son kasuwar Kano akwai hukumar tace finafinai da aka kafa tun 2001 da sai an bi ta kanta, sannan yarinyar ta amsa min cewa ita kanta ba ta yanke wa ya ɗauko wayar Inna ba tukuna, wanda dole ta sani kafin su ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya.

In za ka je ka je Asabar bayan la'asar, lokacin batir ya cika kuma duk su ukun suna nan, Lahadi da rana wasunsu suna Gujungu ɗaukar fasfo. Ka tafi da memori ko filashinka, ka tambayi ranar da za su fara jarabawa kafin ku sa rana, ku rubuta yarjejeniya ko a bayan kwali ne, ka faɗa musu tun farko ko kana son kiɗa ko ba ka so, kuma in sun kunna maka fim ɗin ka ce a kunna maka wanda babu kiɗan, yana nan a laftop ɗin mai editin bai goge ba.